Geron Kaka da Garwar Ruwana

Kafin in shiga labarin nan, gara in faɗi cewa shekaru sun yi nisa, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata kamar dā ba. Akwai abubuwan da nake ganinsu sarai kamar jiya, akwai kuma waɗanda ban sani ba ko na gani da idona ne, ko ji na yi ana maimaitawa a gida har suka zauna mini. Adadin kwanaki musamman ya rikice mini. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, zan faɗa.

Abin ya faru ne a ƙauyenmu, tsakanin Roni da Gwiwa, a ƙarshen zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai. A lokacin na gama makarantar koyon aikin gona, an ɗauke ni malamin gona a En'e, wato hukumar gargajiya, aka ba ni keke da littafin rubuta rahoto, aka turo ni ƙasarmu. A makaranta mun sha karatu a kan gyaɗa da auduga, don su ne Turawa suka fi damuwa da su. Gero kuwa, abin da muka tashi muna ci safe da dare, ban tuna an ba shi ko mako biyu ba.

Na dawo bayan rasuwar mahaifina da 'yan watanni. Gidanmu muna da wani irin gero da ba kowa ke da shi ba, gajere, mai gashi a zangarniya, wanda tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kansa. Kakata, mahaifiyar babana, ita ta zo da shi daga garinsu can wajen Babura lokacin da aka kawo ta aure. Babana ya riƙe shi duk rayuwarsa. Kowace kaka sai ya zaɓi zangarniyoyi masu kyau ya ɗaure dami guda, ya ajiye a can ƙuryar rumbu don iri. To, a kwanakin zaman makoki, baƙi sun yi yawa, matan da ke taya girki suka buɗe rumbu suka ɗauko damin da ya zo hannunsu. Ba su san na iri ba ne. Aka sussuke shi, aka yi fura da shi aka sha. Sai da aka watse Kaka ta gane abin da ya faru. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗakinta ta zaro wasu 'yan zangarniyoyi, huɗu ko biyar, da ta soke a jinkar ɗaki tun bara, ta murje su da hannu, ta gauraya da toka, ta zuba a ɗan gora ta toshe bakin. Duk abin da ya rage mana na geron nan ke nan a duniya. Idan damina ɗaya ta ci shi, shi ke nan.

Da na ji haka sai hankalina ya tashi. Ni mutum ne mai fargaba tun ina ƙarami, karatu kuma bai rage mini ba, sai ma ya ƙara mini sanin hanyoyin da abu ke bi ya lalace. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta na roƙe ta ta ba ni goran, in shuka yadda aka koya mana.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Tun ina yaro take kirana mijinta, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "Yau kuma maigidan nawa gado ya zo nema? Ko zane ɗaya ba ka taɓa saya mini ba, sai gorana kake so?"

Na ce, "Kaka, ba wasa nake ba. Irin nan kaɗan ne. A makaranta an nuna mana yadda ake rainon tsiro."

Ta ce, "Raino! Ashe gero ma jariri ne. A wace nahiya aka yanke masa cibiya?"

Sai da na kwana uku ina zarya ta yarda, amma rabi kawai. Ta zazzage a faifai ta raba da gefen hannunta, ta tura mini nawa. Ta ce rabin nan ma don kada a ce ta hana miji ne.

Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu sosai. Kaka tana da 'yar gayaunarta a bayan gari, a kan jigawa, rairayi ne ja mai laushi. Duk da shekarunta ita take sara da sungumi, ta jefa iri, ta rufe da diddige. Ta yanka mini gefe guda, na ja igiya, na auna tazara da sanda, na shuka layi shida ko bakwai. Nata da nawa suka tsiro rana ɗaya. Har zuwa nan babu wani bambanci, sai dai nawa ya fi miƙewa a layi.

Bayan kamar mako guda da tsirowa sai ruwa ya ɗan ɗauke. Ba wani abin tsoro ba ne, kowace shekara ana yin haka. Amma ni idan na taɓa rairayin nan da azahar na ji yana ƙona hannu, sai in kasa cin abinci. A makaranta muna da fangali na rainon tsiro, kuma dokar ita ce a ba shi ruwa safe da yamma. Ban tsaya na yi tunanin cewa wancan tsiron kayan lambu ba ne. Akwai wani ɗan tafki a gindin duwatsu, ba nisa da gonar. Na samo garwa biyu da sanda, na huda gwangwani da ƙusa ya zama kamar rariya, na shiga yayyafa wa layukana ruwa kullum, da safe kafin in hau keke, da yamma idan na dawo. Ba ruwa mai yawa ba. Gwangwani ɗaya ga kowane gindi, daidai abin da zai jiƙa saman ƙasa.

Mutane suka riƙa tsayawa a kan hanya suna kallo. Ba a taɓa ganin ana yi wa gero ban-ruwa da damina ba, balle a ce malamin gona na En'e ne da kansa ke saɓa garwa. Ba wanda ya ce mini komai, saboda aikina. Kaka ce kawai ba ta jin nauyina.

Ta ce, "Sannu da aiki, ɗan garuwa. In ka gama da 'ya'yan naka, randata ma ba ruwa."

Gaskiya a kwanakin nan ni nake ganin na ci. Nawa ya yi kore shar, ganye ya yi faɗi. Nata kuwa ya tsaya cak, siriri, kamar ba ya motsi. Na nuna mata na ce, "Kaka, dubi naki. Kwana nawa bai ƙara ko yatsa ɗaya ba."

Ta ce, "Wa ya gaya maka ba ya ƙaruwa? Aiki yake a ƙasa. Kai sama kawai kake gani."

Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce, na wuce.

Ana nan sai masinja ya kawo takarda. Baturen gona yana kiran malaman gona duka zuwa Kazaure, daga nan a fita rangadin duba gonakin gyaɗa. Ba yadda zan yi in ƙi. Na roƙi wani maƙwabcinmu, magidanci ne mai nasa aikin, ya riƙa yi mini ban-ruwan. Ya yi na kwana biyu ko uku, sai tafkin ya koma taɓo, shanun Fulani ma suka daina zuwa. Rangadin da aka ce na mako guda ne ya kusa kai biyu. Duk tsawon kwanakin nan ko ɗigo bai sauka ba. Kowane gari muka shiga sai mu tarar ana maganar fita roƙon ruwa.

Na dawo da rana tsaka. Ko gida ban shiga ba, na jingine keke a bakin gona. Layukana sun kwanta. Ganyen nan mai faɗi ya zama kamar tsumma, bakinsa ya ƙone, wasu gindin ma da na taɓa sai suka marmashe. Na juya wajen na Kaka. Shi ma ba kyan gani. Kowane ganye ya naɗe ya zama kamar tsinke, launinsa ya koma toka-toka. Na ce a raina shi ma ya tafi. Yanzu duk abin da ya rage na geron babana yana cikin waɗannan tsinkayen.

Na ruga gida na ɗauko garwa. Tafki ya ƙafe, amma rijiyar gari tana nan. Na cika, na saɓo, ina haki. Na iske Kaka zaune a inuwar wata aduwa a gefen gonar, ashe ta hango ni tun ina wucewa. Ta miƙe ta tare ni da sandarta.

Ta ce, "Ina za ka da wannan?"

Na ce, "Kaka, naki zan ba. Mutuwa yake."

Wannan karon ba ta kira ni miji ba. Ta ce, "Ajiye garwar nan, ɗan nan. Za ka iya ba shi ruwan da zai jiƙa ƙasa har zurfin hannunka, gindi bayan gindi? In ba za ka iya ba, kada ka yaudare shi. Ka yaudari naka, ya isa."

Na ce ban gane ba. Ta ce in tumɓuko ɗaya daga cikin nawa. Na kama na ja, ya fito ba wuya, kamar dama ba a dasa yake ba. Saiwoyinsa suna da yawa, amma duk sun bazu gefe da gefe kamar gemu, mafi yawansu ba su wuce tsawon yatsa ba, sun bushe sun yi ja. Ta ce, "Ka gani? Kullum kana kawo masa ruwa har bakin ƙofa. Me zai sa ya tafi nema? Ranar da ka daina zuwa, yana nan a ƙofa yana jiranka."

Sannan ta kai ni ƙarshen layinta, ta nuna wani gindi, ta ce in tona a gefensa da hannu, a hankali, kada in taɓa shi. Rairayin sama yana ƙuna. Na tona zurfin tafin hannu, busasshe. Na kai wuyan hannu, ya fara sanyi. Da na kusa gwiwar hannu sai na ji danshi, rairayin ya fara manne wa juna. A jikin bangon ramin kuwa ga saiwa nan, siririya kamar zare, ta miƙe sak ta yi ƙasa. Na bi ta har kafaɗata ta taɓa bakin rami, ban kai ƙarshenta ba. Tsiron da ke sama bai fi tsawon tafin hannu biyu ba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na yi shekaru ina zana saiwa a littafi, na san sunan kowane ɓangare nata da Turanci, amma ban taɓa sa hannuna a inda take aiki ba. Ga abu ba ido, ba ƙafa, cikin duhu, ya san inda ruwa yake ya nufe shi. Na lura kuma da wani abu. Saiwar da ke cikin danshi ba tsirara take ba, rairayi ya lulluɓe ta ya manne, ko na kaɗa ba ya zuba. Ta wajen sama kuwa, inda ƙasa ta bushe, fatarta ta yi tauri ta yi duhu. Kaka ta ce wannan rairayin rigarta ce, kada in tuɓe mata.

Akwai wani ɗan madubi mai ƙara girman abu da aka ba mu a makaranta, yana aljihuna kullum. Na tsinko ɗan reshen saiwa na duba. Gashi ne fari, ƙanana ƙwarai, ba iyaka, kowane ɗaya ya rungumi ƙwayar rairayi. Na miƙa wa Kaka. Ta daɗe tana juya madubin kafin ta daidaita shi da idonta. Can ta ce, "Ikon Allah. Ashe da hannuwa take kamawa." Ta sake dubawa ta ce, "Shekara nawa ina taka su." A ranar, ina jin, kowannenmu ya nuna wa ɗan'uwansa abin da bai taɓa gani ba.

Duk da haka ganyen da ya naɗe bai bar raina ba. Na ce mata ai ko saiwar ta kai ruwa, saman ya riga ya mutu. Ta ce in mayar da ƙasa in rufe ramin, gobe in zo bayan sallar asuba.

Na zo gari yana wayewa. Tsinkayen jiya duk sun buɗe. Ganye ya shimfiɗu, kore, a miƙe, kamar an canja gonar. Ta sa na tura yatsa a gindin ɗaya, na ji ɗan sanyin laima, alhali taku ɗaya daga wurin ƙasa a bushe take. Ko raɓa ce ta gangaro, ko wani abu ne daban, a lokacin ban sani ba. Na zauna a wurin ban tafi aiki ba. Da hantsi ya ɗaga sai na ga ganyen ya fara naɗewa da kansa, sannu a hankali, tun daga gefe. Kafin azahar ya koma tsinke. Kaka ta ce, "Rufe ɗaki yake. In ya ga abin da ke shigowa daga ƙasa kaɗan ne, ba ya barin rana ta kwashe. Ranar da za ka ji tsoro ita ce ranar da ka zo da asuba ka tarar bai buɗe ba."

Na mayar da garwa gida. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba, domin zama ne kawai ba a yin komai. Ita kuwa ta ƙara mini tashin hankali. Ta bi gindi-gindi tana tsinke raunanan tsiron da farce, ta bar biyu ko uku a kowane rami. Na ce, "Kaka, irin da ba mu da shi kike zubarwa?" Ta ce, "Maigida, ruwan mutum biyu ne a ƙasan, ka tara musu mutum bakwai?" Kullum da asuba ina bakin gona ina ƙirga waɗanda suka buɗe. Kwana na huɗu ko na biyar, layinta da ke can saman tudu bai buɗe ba. Washegari na kusa da shi ma ya bi. Na dubi Kaka, na ga ta daina wasa da ni, tana yawan ɗaga kai gabas.

Ruwan ya zo da la'asar, kwana biyu ko uku bayan haka. Hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa mai ƙarfi har magariba. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Geron da ya yi makonni bai motsa ba, cikin 'yan kwanaki ya yi tsalle, har ana iya ganin bambancin safe da yamma. Saiwa tana nan a shirye, abin sha kawai take jira. Layuka biyu na tudu ba su dawo ba. A nawa, gindi kaɗan suka farfaɗo, kuma da suka yi tsayi iska ta farko ta kwantar da su, don ba su da abin riƙe ƙasa. Ban sami zangarniyar kirki ko ɗaya ba.

Da kaka ta yi, Kaka ta shiga gayaunarta da wuƙa, ta zaɓi masu kyau, aka sami abin da ya kai ƙaramin dami. Ta ɗaure shi da kanta. Ba ta yarda a kai rumbu ba, a ɗakinta ta rataye shi. Amma ta zaro zangarniya biyar ta ba ni, ta ce, "Ga sadakinka na mayar maka. Baɗi ka shuka, ka bar garwa a gida."

Bayan an kwashe amfani na koma da shebur na haƙa rami a gefen wani kututturen kara. Na so in ga ƙarshen saiwar. Na haƙa har ramin ya shanye ni, ina tsaye a ciki ba na ganin waje, kuma zaruruwan suna nan a bango suna ci gaba da gangarawa. Na bari don rairayi ya fara zubowa. Ban ga ƙarshenta ba har yau.

Daga baya, da na sami damar ƙarin karatu a jami'a, na ci karo da bayanin wasu daga cikin abubuwan nan. Na karanta cewa saiwa, idan ta ji ƙasa na bushewa, tana aika saƙo zuwa ganye ya tsuke ƙananan ƙofofin da ruwa ke fita ta cikinsu. Tana iya buɗe hanyoyin ruwa a jikinta ta kuma rage su, gwargwadon abin da ke akwai. Sashenta da ke cikin busasshiyar ƙasa yakan yi tauri don kada ruwan da ta jawo ya tsiyaye. Har an ce wasu tsirrai sukan ɗauko ruwa daga zurfi su ɗan saki a ƙasar sama idan rana ta faɗi. Ko wannan ne laimar da yatsana ya taɓa, ba zan iya rantsewa ba. Ba kuma zan ce ban-ruwa kaɗai ya kashe nawa ba, wataƙila da ban yi tafiya ba da ya rayu. Kuma da ruwan ya ƙara mako guda bai zo ba, ina jin na Kaka ma da ya bi layukan tudu. Sanin bayanin dai bai rage mini mamakin ba. Har gobe idan na wuce gonar gero da rana na ga ganye a naɗe, sai in ji kamar in rage murya.

Geron yana hannun 'ya'yan ƙannena yanzu, suna shuka shi. Idan akwai wanda ya ga wannan damina a ƙauyenmu, ko ya ji labarinta daga iyayensa, musamman iyalin maƙwabcin da ya taya ni ban-ruwa, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Ina shakkar tsawon kwanakin da ruwan ya ɗauke, da ko layi biyu ne suka mutu a tudu ko uku, da kuma ko aduwa ce a gefen gonar ko wata bishiya. Duk inda na yi kuskure zan karɓa in gyara.